Tocila Kafin Tikitin Indiya

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, dillalin dabbobi ne a kara. Tun ina yaro ban san shi ba sai da wani ɗan gwangwani a aljihun gaban rigarsa, irin na man zafi da aka wanke, cike da garin taba da aka daka da kanwa. In ciniki ya cije, sai ya ɗan ja gefe, ya buɗe gwangwanin, ya ɗebo da yatsu biyu, ya ja leɓensa na ƙasa ya cusa. Ya yi shiru na ɗan lokaci, ya tsartar da yawu, sannan ya dawo wa mai saniya da murmushi: "To Alhaji, a sallama mana haka." Sigari kam bai taɓa kai ta baki ba, har faɗa yake yi wa samarin da ke busa ta a gindin bishiya. A wurinsa taba ita ce mai hayaƙi. Tasa magani ce, tana kashe ciwon haƙori, tana korar barci.

Wata shekara bayan ƙaramar salla na je gaishe shi, sai na lura yana cin tuwo da gefe ɗaya. Na ce, "Kawu, lafiya kuwa?" Ya ce, "Zafi ne ya fito mini a baki, ɗan nan. Ka san azumi." Ya ja leɓen ya nuna mini. Wani ɗan miki ne tsakanin leɓe da dasashi, daidai inda yake ajiye tabar, bai fi ƙwayar gurjiya ba, bakinsa ya ɗan tasa ya yi fari. Na tambaye shi ko yana masa ciwo, ya ce ko kaɗan, sai dai in yaji ya taɓa wurin. Wallahi da jin haka hankalina ya kwanta. Na ce Allah ya sawwaƙe, na ba shi na magani, na kama hanya. Na yi boko, ga waya mai tocila a hannuna, amma ban san wannan "ba ya ciwo" ɗin ita ce maganar da ya kamata ta hana ni barci ba.

Abin da ya biyo baya duk wanda ya taɓa jinyar ɗan'uwa a ƙasar nan zai iya ƙarasa shi da kansa. Mai kemis ya ba shi shuɗin maganin nan na shafawa, da kafso, da bitamin. Ya koma bayan mako biyu, aka canza masa kafso. Wani abokinsa ya ce basir ne ya hau sama, aka kawo jiƙo a jarka. Haƙori biyu suka fara girgiɗi, aka sami mai cirewa a kasuwa ya cire su, gurbin ya ƙi rufewa. Daga nan ne wani mai magani ya duba ya ce daji ne, kuma kada a kuskura a bari ƙarfe ya taɓa shi, ko da allura ce. Sai da kaluluwa ta fito masa a wuya, mai tauri kamar dutse, bakin ya fara wari har yana jin kunyar shiga sahu, sannan muka ɗauke shi zuwa asibitin koyarwa. Wata takwas ke nan da ranar da ya ja mini leɓe. Likitan ya haska baki, ya taɓa wuya, ya juyo ya dube ni, ni da nake sanye da agogo da takalmin 'yan boko, ya ce, "Me ya sa sai yanzu?"

Har yau ban sami amsar da zan ba shi ba. Amma na sami ra'ayi, kuma shi ya sa nake wannan rubutu. Ina ganin ciwon dajin baki, a cikin duk cututtukan dajin da ke kashe mutanenmu, shi ne wanda ba mu da uzuri a kansa ko kaɗan. Na huhu yana ɓuya a ƙirji, na hanta yana ɓuya a ciki, sai da na'ura ake ganinsu. Wannan kuwa a fili yake zaune, wurin da mutum ke wankewa sau biyar a rana in zai yi alwala. Ido da haske da minti biyar sun isa a zarge shi. Duk da haka, sai ya ci rabin muƙamuƙi muke zuwa asibiti, sannan a fara maganar sayar da gona da neman bizar Indiya.

Ba ƙaramar cuta ba ce a duniya. Ƙididdigar hukumar binciken cutar daji ta duniya, wadda ke birnin Liyon na Faransa, ta nuna cewa a shekarar 2020 mutum sama da 377,000 ne suka kamu da dajin leɓe da na cikin baki, kusan 178,000 kuma suka mutu. Kaso mafi tsoka yana kudancin Asiya, Indiya da Pakistan da Bangaladash da Siri Lanka, inda ake tauna wani ɗan itace mai kama da goro a naɗe cikin ganye da farar ƙasa, sau da yawa har da taba. Ba goronmu ba ne, itacen ma daban yake, kada wani ya karanta wannan ya je ya tayar wa tsohuwarsa da hankali. Amma abin da ya haɗa mu da su shi ne ɗabi'ar ajiye taba a baki, ta kwana ta wuni tana jiƙa a wuri ɗaya.

A nan nake so in daɗe, domin nan ne muka fi yaudarar kanmu. Bahaushe ya ce taba ta bambanta da garin gero, amma a zahiri mun ɗauki garin taba kamar garin gero. Mai shan sigari ana masa kallon ɗan iska, ba ya sha a gaban surukinsa. Mai cin taba kuwa dattijo ne, tsohuwa ce mai carbi, ba wanda ke ɗaga gira. A ƙauyukanmu da na Nijar da Chadi za ka ga ana sayar da ita a ƙulle a leda, ko a auna da murfin kwalba, kusa da mai goro. Har kwalliya muka yi da ita: iyayenmu mata sun goge haƙora da furen taba su haɗa da goro don baki ya yi ja. Abin da ya shiga al'ada haka, da wuya a ce wa mutum guba ce ya yarda.

To guba ce. Waccan hukuma ta Liyon ta sa tabar ci da ta shaƙa a rukuni na ɗaya na abubuwan da aka tabbatar suna haddasa daji, rukuni ɗaya da hayaƙin sigari da barasa. Akwai wasu sinadarai da ke samuwa a ganyen taba lokacin da ake shanya shi ana tsima shi, su ne ke lalata ƙwayoyin fatar cikin baki a hankali, shekara da shekaru, har wata rana wasu daga cikinsu su fara hayayyafa ba birki. Kanwar da ake daka ta da ita kuma ba don ɗanɗano kawai ba ce: ita ke sa nikotin ya ratsa fatar baki da sauri ya hau kai, shi ya sa mai ci ke jin "ta kama", shi ya sa kuma barinta ke da wuya. 'Yan'uwanmu Hausawan Sudan sun san tumbak, wadda ita ma ganyen taba ce da kanwa, ana dunƙula ta a sa a bayan leɓe. Masu bincike sun auna ta, suka tarar sinadaran nan masu jawo daji sun yi mata yawan da ba kasafai ake samun irinsa a wata taba a duniya ba, likitocin can kuma sun daɗe suna ganin dajin yana fitowa daidai gurbin da mai ita ya saba ajiyewa. Da na karanta wannan sai na tuna yatsun Kawu biyu, da yadda kullum gefen hagu yake cusawa.

Najeriya tana da dokar taƙaita taba tun 2015. Dokar ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta hana sayar da sigari kara-kara, ta ce tabar da ba ta hayaƙi ba za a sayar da ƙasa da giram 30 ba. Daga baya aka tilasta buga hotunan gargaɗi a jikin kwalin sigari. Je ka teburin mai shayi yau da dare ka ce a ba ka kara ɗaya, ka ga ko za a tambaye ka shekarunka. Ƙullin garin taba kuwa ba kwali gare shi ba balle a buga masa hoto. Dokar ta tsaya a kan kamfani, ba ta san da turmin da ke bayan kasuwa ba. Ga shisha kuma ta shigo, samari da 'yan mata suna zuƙa suna cewa ai tuffa ce, ai ruwa ya tace hayaƙin. Tun 2005 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa a zama ɗaya na kamar awa guda, mai shisha na iya zuƙar hayaƙin da ya ninka na karan sigari ɗaya sau 100 ko fiye.

Sauran abubuwan ba sai na ja su ba. Barasa na jawo shi, in kuma ta haɗu da taba haɗarin ninkuwa yake yi, ba ƙaruwa kawai ba. A wajenmu matsalar ita ce mai sha ba ya faɗa wa likita gaskiya. Rana tana ƙona leɓen ƙasa, musamman ga zabiya da masu wuni a gona. Akwai kuma ƙwayar cutar HPV, wadda ake ɗauka ta hanyar saduwa, ita ce ke jawo dajin bakin mahaifa, tana kuma jawo na can cikin maƙogwaro da tushen harshe. Tun watan Oktoba na 2023 Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafinta kyauta, kuma mun ji irin surutun da aka yi ta yi a kai. Sannan akwai waɗanda ba su taɓa cin taba ko shan komai ba, ciwon ya same su. Saboda haka kada a ga mai dajin baki a fara lissafa masa zunubai.

Yanzu ga abin da na so a ce wani ya faɗa mini ranar sallar nan. Ƙurajen baki na yau da kullum, waɗanda muke kira zafi, suna da raɗaɗi, mutum ba ya iya cin yaji, amma cikin mako ɗaya zuwa biyu sun warke da kansu. Dajin baki a farkonsa sau da yawa ba ya ciwo. Wato wanda ke sa ka kuka yawanci ba shi ne mugun ba, mai shirun ne abin tsoro. Duk mikin da ya kai mako uku a baki bai warke ba, ko an sha magani ko ba a sha ba, sai likita ya gani. Haka farin tabon da ba ya gogewa in an kankare shi, haka jan tabo mai laushi kamar karammiski, wanda ma ya fi farin haɗari. Haka haƙorin da ya kama girgiɗi ba dalili, ko gurbin haƙorin da aka cire ya ƙi rufewa, ko leɓe ya mutu ba ka jin taɓi, ko kaluluwar wuya mai tauri wadda ba ta zafi kuma ba ta sauka. Wuraren da ya fi son zama su ne gefen harshe, da ƙarƙashinsa, da cikin kumatu, da lungun da ake ajiye taba. In tsinin karyayyen haƙori ne ke yankar harshe, a gyara haƙorin. In bayan mako biyu mikin na nan, to ba haƙorin ba ne kaɗai.

Ido yana zargi ne kawai. Tabbaci sai an yanki ɗan nama kaɗan daga wurin, bai fi ƙwayar shinkafa ko wake ba, bayan an yi allurar kashe zafi, a kai ɗakin gwaji a duba a madubin likita. Kuma a daidai nan ne muke karo da katangar da ta fi rashin kuɗi tsayi, wato maganar nan ta "daji ba ya son ƙarfe".

Ku dubi sunan ma. Daji. Abin da ya fito daga jeji, inda iskoki suke, ba na gida ba, ba na asibiti ba. Kuma suna ɗaya muka ba cututtuka da yawa. Gyambon ƙafa da ya ƙi warkewa daji ne. Sankarar mama daji ce. Cutar noma mai cin fuskar yara ƙanana masu fama da yunwa, wadda akwai asibiti sukutum dominta a Sakkwato tun 1999, ita ma wasu daji suke ce mata, wasu ciwon iska, alhali ƙwayoyin cuta ne ke kawo ta, kuma in an tare ta da wuri maganin kashe ƙwayoyin cuta na tsayar da ita. Da muka tara su a suna ɗaya, sai muka yanke musu hukunci ɗaya: kada a yi allura, kada a yanka, in an taɓa shi fushi yake yi ya bazu.

Na daɗe ina tunanin me ya sa wannan magana ta ƙi mutuwa, kuma ina jin na gane. Mutanenmu ba wawaye ba ne, abin da suka gani suke faɗa. Ana ɓoye ciwo wata takwas, shekara guda, sai ya gama yaɗuwa a kai mutum asibiti. Likita ya yanki nama don gwaji, ko ya yi aikin da ya san ba lalle ya ci nasara ba. Bayan wata uku mutum ya rasu. A zaman makoki sai wani ya ce, "Ai tun da aka sa masa wuƙa na san an gama." Kowa ya gyaɗa kai. Gobe in wani miki ya fito wa maƙwabci, sai a ƙara ɓoyewa. Jinkirin ne ya kashe, wuƙa ta ɗauki laifi, laifin wuƙar kuma ya haifi wani jinkirin. Wanda aka yi wa aiki da wuri ya warke ba a zaman makokinsa, don haka ba wanda ke ba da labarinsa. Yankar ɗan nama don gwaji ba ta watsa dajin baki. Ko an taɓa shi ko ba a taɓa ba, tafiyarsa yake yi, daga baki ya gangara kaluluwar wuya, daga nan ya wuce huhu.

Lissafin rai da mutuwa a wannan ciwo kusan duk a kan lokaci yake. A Amurka, inda suke bin diddigin marasa lafiya shekara da shekaru, in an gano dajin baki da maƙogwaro tun bai bar inda ya tsiro ba, sama da 80 cikin 100 suna nan da rai bayan shekara biyar. In ya riga ya kai sassa masu nisa na jiki, adadin yana faɗowa zuwa wajen 40 cikin 100. Wannan fa a ƙasar da injina ke aiki, wuta ba ta ɗaukewa. Ƙari ƙarami, wanda bai wuce santimita 2 ba kuma bai yi zurfi ba, sau da yawa tiyata kaɗai ta ishe shi, mutum ya koma gida yana magana yana cin tuwonsa. Wanda ya girma kuwa sai an cire wani sashe na harshe ko na muƙamuƙi, a buɗe wuya a kwashe kaluluwa, a nemo nama ko ƙashi daga wani wuri a cike gurbin, sannan a shiga gashi da na'ura kwana biyar a mako har mako shida ko bakwai, wani lokaci a haɗa da ƙarin ruwan maganin daji da ake kira kemo. Bayan gashin yawu na ƙafewa, abinci ya daina ɗanɗano, wasu sai ta robar hanci ake ba su kunu. Kawu ya yi wata biyu ba ya iya cewa komai sai da hannu, mutumin da bakinsa ne jarinsa. Shanunsa huɗu suka tafi. Bai ga ƙaramar salla ta biyu ba.

Shi ya sa maganar Indiya ke ci mini rai. Duk mai ɗan hali a Kano ko Kaduna ko Maraɗi ya san wani da aka kai Indiya asibiti, an san dillalan biza, an san unguwannin da ake kama ɗaki kusa da manyan asibitocin Delhi. Mun iya ɗauko tiyatarsu mai tsada. Amma akwai wani abu mai arha da Indiya ta koya wa duniya a kan wannan ciwo, shi ba mu ɗauko ba. A shekarar 1996, a jihar Kerala, a yankin Tiribandiram, masu bincike suka ɗauki gundumomi 13, suka raba su biyu. A guda bakwai, aka horar da ma'aikatan da ba likitoci ba, suna bi gida-gida suna duba bakin manya da haske, wanda aka ga abin zargi a tura shi asibiti, a sake zagayowa bayan shekara uku. Sauran shidan aka bar su yadda suke. Da aka fitar da sakamako a 2005, a cikin masu taba ko barasa, mutuwa daga dajin baki ta ragu da kashi 34 cikin 100 a inda ake dubawa. Masu binciken suka ƙiyasta cewa in aka yi haka a duniya, za a iya tsirar da aƙalla rai 37,000 duk shekara. Kayan aikin fa haske ne da safar hannu da idon da aka koya wa abin da zai nema. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.

Mu kuwa bi gida-gida ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Da shi muka kori shan-inna har aka tabbatar a 2020 cewa nau'inta na asali ya bar ƙasar. Muna da ma'aikatan lafiya a ƙananan asibitocin ƙauye, muna da masu kemis a kowane lungu, waɗanda ko mun so ko mun ƙi su ne likitan farko na talaka. Muna da wanzamai, da bakin mutane ke buɗe a gabansu kullum. Ban ce a mai da su likitoci ba. Abu ɗaya nake so a cusa musu a ka har ya zauna: miki ya kai mako uku, ka daina ba da kafso, ka rubuta takarda ka tura. Kuma duk mai cin taba ko shan ta da ya zo asibiti, ko da ciwon ƙafa ya kawo shi, a ce ya kurkure baki, ya buɗe, ya ɗaga harshe. Darasin Kerala ke nan, amfanin ya fi fitowa a kan masu taba da barasa, don haka ba sai an bi kowa ba. Da mai kemis ɗin farko ya san wannan, da Kawu ya isa asibiti wata bakwai kafin ranar da ya isa. Ban riƙe mai kemis ɗin a zuciya ba, shi ma ba wanda ya koya masa, kamar yadda ba wanda ya koya mini.

Na san abin da za a ce, don an sha faɗa mini: to in an gano, da me za a yi magani? Ba gara mutum ya zauna da rashin saninsa ba, da a faɗa masa abin da ba shi da kuɗinsa? Maganar tana da nauyi, ba zan yi kamar ba ta da shi ba. Na'urorin gashi a Najeriya ana ƙirga su da yatsu, a ƙasa mai mutum sama da miliyan 200, Nijar kuwa sai a 2021 ta buɗe cibiyar gashinta ta farko a Yamai. Mutumin ƙauye zai yi kuɗin mota, ya kwana a barandar asibiti, ya jira sakamakon gwaji mako da makonni. Amma ku lura, wannan hujja a kan wanda ya makara ta fi ƙarfi. Shi ne mai buƙatar na'urar da babu, da miliyoyin da babu. Wanda aka kama nasa yana ƙwayar gurjiya, aikinsa likitocin tiyatar baki da muƙamuƙi na asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri suna iya yinsa, ba biza, ba dala. Ƙasar da ba ta da injina ita ta fi kowa buƙatar ganowa da wuri. In gwamnonin jihohinmu na son yin abin da za a gani, su ɗauke wa duk wanda aka turo da takarda kuɗin yankar naman gwaji da na dubawa, su sa a riƙa ba da sakamako cikin mako biyu. Bai kai kuɗin gadar sama ɗaya ba, sai dai ba a yanka masa kyalle a kira 'yan jarida.

Malamanmu ma suna da rabo a ciki. Mai magani ɗaya ya ce kada ƙarfe ya taɓa, gida guda ya bi. In liman ya faɗa a huɗuba cewa neman magani a asibiti ba ya karo da tawakkali, kuma tabar leɓe da ta hayaƙi uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, zai shiga kunnen da likita ba zai taɓa kaiwa ba. Wanda ya bari kuma bai yi asara ba ko da ya daɗe yana ci, domin cikin 'yan shekaru haɗarin ke fara sauka.

Watannin baya na koma karar, ranar kasuwa. Abokin Kawu na ƙut-da-ƙut yana nan a rumfarsu, ya tsufa, gemu ya yi fari fat. Muna cikin gaisawa ya zaro nasa gwangwanin. Na ce, "Baba, don Allah kafin ka sa, bari in ga bakinka." Ya yi dariya har da tafa hannu. "Kai ɗan nan, yaushe ka zama likita?" Na ce ban zama ba. Ya dube ni, ina jin ya tuna wanda na tuna, sai ya karɓi buta ya kurkure, ya zauna a kan benci ya buɗe, dillalai suka zagaye mu suna tsokanarsa. Na kunna tocilar waya. A cikin kumatunsa na dama akwai wani farin tabo kamar faɗin farcen babban yatsa. Na sa gefen hankici na goga, bai fita ba. Na ce, "Baba, tun yaushe wannan yake nan?" Ya ce shi bai ma san da shi ba, ai ba ya ciwo.

Ranar Litinin na zo da mota. Sai da ɗansa ya sa baki kafin ya shiga, kuma duk tsawon hanya yana ta mita a kan kasuwar da zai rasa. Gwangwanin na aljihunsa, ina jin ƙararsa duk lokacin da muka faɗa rami.